Kusurwar Iya Okbun

Da sassafe Pyo Mansu ya tsaya a ƙofar gidan Iya Okbun ya kira ta. Ya sake kira. Shiru.

Sanyin ya sauko daga duwatsu kamar da gayya. Famfon tsakar gida ya daskare, ƙanƙara ta yi masa gemu. Bututun tukunyar ɗumama ɗakinta kuwa ko alamar hayaƙi babu. Ya san halinta. Ba za ta ƙona kananzir don kanta ita kaɗai ba.

Mansu shi ne mai unguwar Solgol. Ya haura sittin, amma a ƙauyen nan shi ne yaro. Shi ya yi ta zarya ofishin gunduma har gwamnati ta ba da tallafin gyara zauren tsofaffi, don ya daina shan mai kamar rami. Aka lulluɓe bango da abin tare sanyi, aka sa tagogi masu gilashi biyu. Aka fasa daɓe aka shimfiɗa sababbin bututun ruwan zafi, aka kawo injin lantarki a madadin tsohuwar tukunya. Ranar buɗewa an ci an sha, an tafa masa.

Iya Okbun ba ta tafa ba. Ta cire takalmi, ta taka har kusurwarta, ta dafa ƙasa da tafin hannu.

A tsohon daɓen, kusurwar nan ce kaɗai ke ɗaukar zafi, har ledar wurin ta toye ta yi duhu. Sauran ɗakin sai da bargo. Wurin na babba ne, kuma ita ce babba. A nan take gasa ƙugunta. A nan take binne tukunyar dafaffen waken suya cikin barguna har ya nuna ya zama daddawa. Yanzu ɗumin ɗaya ne, daga bakin ƙofa har ƙurya.

"Wannan ɗaki ne ko asibiti?" ta ce.

"Iya, ai ko'ina akwai ɗumi yanzu."

"Ko'ina, ban da inda nake so. Kai yaron nan, ka kashe min kusurwa."

Tun ranar ba ta sake leƙowa ba. Ya yi kira a lasifikar ƙauye. Ya aika mata da miya. Ya je da kansa, ta ce ita ba ta zama inda babba da yaro zafin mazauninsu ɗaya. Ya buga wa mai aikin waya, mutumin ya yi dariya, ya ce ai don ɗumin ya zama ɗaya gwamnati ta biya.

Saboda irin su Iya Okbun Mansu ya nemi tallafin. Ga shi gyaran ya kore ta zuwa ɗakin da ba wuta.

Ya tura ƙofar. Sanyin ciki ya fi na waje cizo. Barguna a jibge a ƙurya, ba motsi. Ya daɗe a tsaye kafin ya durƙusa ya ɗaga.

Babu kowa.

Sai a lokacin ya kula: takalmanta ba sa kan dakali. Tsohon keken jariran da take turawa tana dogarawa, shi ma ba ya nan. A kan dusar ƙanƙara ga sawun tayoyi, siriri, yana karkacewa.

Ya bi sawun. A gindin bishiyar tsakiyar ƙauye hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara rafi, inda matan dā ke ɗiban ruwa in famfo ya ƙi, kuma duwatsun wurin santsi ne da su yanzu. Ɗayar ta hau zauren.

Tayoyin sun hau.

Keken yana jingine a ƙofar zaure. A kan dakali, cikin jerin takalma, ga nata masu ruwan goro, ɗaya a kife.

A ciki tsofaffi mata sun baje bargo suna buga karta. Iya Malja, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ɗago.

"Mai unguwa, fatalwa ka gani? Rufe ƙofa, kana zubar da ɗumin gwamnati."

"Ina Iya Okbun?"

"Budurwar taka? Tana ɗakin girki. Ta hana kowa wanke kofi."

Ya same ta a miƙe a ƙasa, gaban wurin wanke-wanke, idanu a lumshe. Kusa da ita ga tulin barguna mai siffar tukunya.

"Iya."

"Kada ka taka min wake."

"Na je gidanki. Na ɗauka..." Bai ƙarasa ba.

"Ka ɗauka me? Ni zan ci shinkafar zaman makokinka, ja'iri." Ta buɗe ido ɗaya. "Famfona ya daskare. Waken ma ya ƙi nuna, yana kallona ina kallonsa. Na ce bari in zo asibitin naka in ɗebi ruwa in tafi. Ina tsayawa nan, sai ƙafata ta ce min, zauna. Na koma na ɗauko tukunyar."

Ya dafa ƙasa. Zafi, irin na dā. Ya buɗe ƙofar durowar da ke ƙarƙashin famfon. A nan duk bututun suka taso a cure, jikinsu na gogar juna, kafin su watsu cikin sauran ɗakunan.

"Ashe ɓoye min kusurwata ka yi a ɗakin girki," in ji ta.

"Ƙarya ne, Yaya!" Iya Malja ta ɗaga murya daga wurin karta. "Bai ma san da ita ba. Dubi fuskarsa!"

Dariya ta tashi. Mansu ya zauna daɓas.

"Matsa. Nan wurin babba ne. Yara bakin ƙofa."

Ya matsa.

"Ka shiga uku da tagogin nan naka," Iya Malja ta ƙara. "In waken nan ya nuna, warin ba shi da hanyar fita sai bazara."

"Wanda ba ya so, ya koma gidansa," Iya Okbun ta ce. "Ni nan zan kwana. Wake ba a barinsa shi kaɗai."

Mansu ya dubi tulin bargunan. Wake kwana kaɗan yake yi ya nuna. Sanyin nan kuwa, rediyo ta ce zai daɗe.

"Iya, ina da buhun wake a rumbu. Ban san yadda zan yi da shi ba."

Ta sake lumshe ido, ta gyara ƙugu a kan zafin.

"Kawo shi kaɗan-kaɗan. Tukunyar ƙarama ce."