Tawul ɗin Nas

Shekara uku ina ƙwanƙwasa ƙofar Nas. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce a ƙarshen layinmu, tun rasuwar mijinta ta rufe ƙofa, ta rufe baki. Kowace Asabar sai in cika jakata da takardun bishara in je. Wata rana ta buɗe, wata rana labule kawai zan ga ya motsa.

To, wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan manzannin farko. Ya ce akwai wanda ɗinkin tanti ne sana'arsa, yana zaune bakin aikinsa, masu shigowa na tafiya da Maganar Allah. Ya ce kowa ya gwada a inda yake neman abincinsa. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce wannan dabarar waɗanda ba su iya wa'azi ba ce. Irin su ƙanwata Auta, tela, wadda ko addu'ar cin abinci aka ba ta sai muryarta ta yi rawa.

Bayan wata huɗu fasto ya sanar cewa Nas za ta yi baftisma. Na gyara zama, don a ikilisiyarmu wanda ya kawo mutum shi ke riƙe masa tawul in ya fito daga ruwa. Har na hango farin tawul ɗina sabo a ƙasan akwati. Sai na ji an kira Auta.

Washegari na dira shagonta.

"Sannu da aiki, babbar mai bishara."

"Yaya, ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Me kika gaya mata wanda ban gaya mata ba?"

"Riguna nake rage mata, Yaya. Ta rame."

Ban gama hararar ta ba sai ga Nas ta shigo gwajin riga. Auta ta cusa fil biyar a baki, ta durƙusa tana kama gefen rigar. Nas kuwa ta buɗe baki kamar famfo: yadda marigayin ke minshari, yadda yake ɓoye maganinsa a cikin takalmi, yadda ita da ta yi jinyar ɗaruruwa ta kasa riƙe nata. Auta ba ta da bakin magana, "mm" kawai take cewa.

Na ga dama ta samu, na jefa aya mai daɗi. Nas ta dube ni, ta kira ni yadda matan ikilisiya ke kirana.

"Maman zumunta, duk abin da kika yi imani da shi na haddace. Amma mene ne sunan mijina?"

Na laluba kaina kaf, ban samu ba.

"Auta ta tambaya tun ranar farko," in ji Nas. "Ni kuma daga baya na tambaye ta wa ya koya mata zama da mai kuka. Sai ta cire fil ta gaya mini."

Ranar baftisma Auta ta zo da wani tawul da ya sha wanki har yana nuna rana. Na fizge shi, na danƙa mata nawa. Ni aka bar wa takalman Nas da tabarau, ina tsaye a baya ina kallon ƙanwata na lulluɓe ta.

Amma tawul ɗin dai nawa ne, kuma babu wanda ban gaya wa ba.