Kwalayen Likitan Dabbobi

Takardar kwamitin sa ido ta zo da tambaya ɗaya: me ya sa aka hana wani likitan dabbobi hawa jirgi har sau biyu? 'Yarsa na kwance a asibiti a wata ƙasa, za a yi mata tiyata ƙarshen wata. Aka miƙa takardar ga Mai Jan Biro, tsohon manazarci a gidan leƙen asiri, wanda ya shekara ashirin da shida a teburin da ke jikin injin kwafi.

Na'ura ta ce majiya uku suka tabbatar da zargin da ake wa likitan na fasa-ƙwauri. A tsarin gidan kuwa, majiya ɗaya jita-jita ce, biyu abin lura, uku gaskiya. Ya bi sawunsu. Ofishin iyaka daga 'yan sanda ya samo. 'Yan sanda daga rahoton mako na gidan nan suka kwafa. Rahoton kuma daga wani guntun rubutu na shekara huɗu baya: mutumin na yawan tsallake iyaka da kwalaye masu sanyi, a bincika. Sa hannun da ke ƙasa nasa ne.

Ya tuna. Allurar rigakafin shanu ce a kwalayen. Ya gano haka tun a makon, ya faɗa wa wani da baki a bakin matakala. Gidan na da fom na shigar da suna, ba shi da na janyewa.

Ya shiga wurin shugaban sashe, wanda shi Mai Jan Biro ne ya koya masa aiki.

"Ranka ya daɗe, majiyoyin nan ni ne. Duka ukun."

"Haba Baba, yaushe ka zama mutum uku? Abinci dai na mutum ɗaya kake ci." Shugaban ya karanta, dariyar ta ɗauke. "Rubuta musu bayanan sirri ne."

"Sirrin me? Na shanu?"

"Saura wata biyar ka ajiye aiki. Kana so ka fita da tabo a fayil?"

"Wa zai karanta fayil ɗin? Mu da ke nan ma ba ma karantawa."

Ya rubuta wa kwamiti layi shida, da sunansa a ciki. Kwamiti ya ba da umarni a goge, aka goge a gidan. Ya san goge na gida kaɗai bai isa ba, don haka ya ɗauki wasiƙa da ƙafarsa. 'Yan sanda suka goge a gabansa. A ofishin iyaka aka ce mai izinin gogewa ya tafi hutu, sai ya dawo.

Kullum da safe yana zuwa ya zauna a bencinsu, har masu gadi suka fara kiransa Kawu. Mai izinin ya dawo rana ta tara, ya gama aikin cikin minti biyu.

Likitan ya hau jirgi kwana uku bayan tiyatar. Ya samu 'yar ta fara zama tana shan ruwa.