Shuɗiyar Riga Ta Yi wa Malama Yawa

Ranar da Malama ta zura shuɗiyar rigarta ta ji zif ya hau ba gardama, gabanta ya faɗi. Wata uku da suka wuce sai ta riƙe numfashi kafin rigar nan ta rufu, yau ga ta tana lilo a ƙugu. Haka ciwon mahaifiyarta ya fara. Ba zazzaɓi, ba tari, kaya kawai suka riƙa yi mata yawa, kafin shekara ta zagayo ta riga mu gidan gaskiya.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Tela ne, shagonsa na bakin titi, ga shi da raunin zuciya, ko yaro ne ya yi tuntuɓe sai ya rasa inda zai sa kansa. Shekara goma sha shida suna tare bai taɓa iya jera magana mai daɗi ta fito daidai ba, shi ƙaunarsa a hannu take. Duk Asabar yakan kwashi kayan da take zuwa makaranta da su ya tafi da su shago, wai dutsen gugar can ya fi na gida zafi, ya dawo da su a ninke.

Sai Malama ta shiga yaƙi da rama a ɓoye. Ta ci kafin ta fita, ta ci a ofishin malamai, ta dawo gida ta ƙara. Duk da haka kowane mako riguna sai ƙara faɗi suke yi. Madubi kuwa ta daina haɗa ido da shi. Da abokan aiki suka ce ta yi kyau, ta ɗauka irin lallashin da ake yi wa majinyaci ne, don haka aka riƙa gaya wa mahaifiyarta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Wata safiya Tela ya same ta a gefen gado, riga a cinya, tana hawaye. Ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya zare rigar daga hannunta ya ce bari ya je shago. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai. Ita tana tunanin wa zai riƙe mata yara, shi guga ce ta dame shi.

Ranar Asabar ta daure ta je asibiti. Nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba katinta, ta ce ta ƙaru da kilo shida. Malama ta ce sikelin ya lalace. Aka kai ta kan wani, shi ma ya maimaita. Likita ya gama aune-aunensa ya ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta ɗan ja baya da cokali.

Kai tsaye ta wuce shago, kanta a ɗaure. Ta tarar da shi ya sunkuya a kan keke, shuɗiyar rigar a juye, yana farke ɗinkin gefe da reza, ga sabon layin alli ya ja a jiki.

"Baban yara, me kake yi wa rigata?"

Ya yi yunƙurin tura ta ƙarƙashin yadi, ya ga bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai ya tuna mata ranar da zif ya ƙi hawa, ta zauna ta ce ta zama buhu. Daga makon ya fara sakin ɗinkin rigunan yana ƙara musu faɗi kaɗan-kaɗan don kada ta ƙara jin haka.

"Da na ga har yanzu kina kuka, Malama, sai na ce bai isa ba, na ƙara."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta ce, "Na zata ciwon Inna ne ya kama ni. Wata uku ina shirin barinku."

Rezar ta faɗi ƙasa. Shi ne fa ya riƙa rage wa surukarsa riguna a waccan shekarar, a kan wannan keken, har aka rasa abin ragewa. Idanunsa suka cika da hawaye. Tausayinsa ya kama ta fiye da nata.

Tun aurensu da ido yake yi mata ɗinki, yana alfahari da hakan. Yau ta miƙa hannu ta zare tef ɗin awo daga wuyansa ta danƙa masa, ta ɗaga hannuwa.

"Auna ni. Abin da ka gani ka faɗa da bakinka, kada ka rage ko ɗigo."

Ya zagaya ƙugunta da tef. Ya duba, ya faɗi lambar ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara.

"Ƙara faɗa," in ji ta, tana murmushi. "Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan daga bakinka ba."