Hotunan da Habi Ta Ɓoye

Tun da aka saki ruwan dam ɗin Goronyo kowa ya tare a fadama, gidan ya rage daga tsohuwa Habi sai jikanyarta Uwaliya, 'yar shekara bakwai. Uwar yarinyar ta rasu. Uban, Jelani, ya bi motar albasa kudu, sai dai muryarsa a waya.

Ranar da Uwaliya ta zame daga kan kwalbatin ban-ruwa ta bugu a ka, Habi ce ta goya ta zuwa Wurno. Aka yi hoto, aka ce su wuce Sakkwato. Can aka tura yarinyar cikin wata na'ura mai baki kamar rijiya, aka ce babu jini a ƙwaƙwalwa. Amma ciwon kai ya ƙi tafiya, hankalin tsohuwa ya ƙi kwanciya, sai ta canza asibiti. Ta sake canzawa.

To, Habi a gidan malamai ta tashi, inda rashin ladabi ne ka zo gaban malami ka ce masa ka fara zuwa gun wani. Likita ma ai malami ne a wurinta. Duk wanda ya tambaya ko an taɓa yi wa yarinyar hoto, sai baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce a'a, alhali hotunan suna naɗe cikin zane a gindin jakarta.

A asibiti na gaba Uwaliya ta tona mata asiri. Ba wanda ya ce mata komai, ta haye gadon na'urar, ta miƙe sambal, ta rufe ido. Likita Safara'u ta ɗaga wa mai sarrafa na'urar hannu ya dakata.

"Inna, ɗiyar ga ta san aikin ga. Sau nawa anka yi mata?"

"Ukku, ban da na Wurno. Mi na laihi ciki? Ai hoto na."

"Hasken da ka ratsa kanta taruwa yakai, Inna, wanka ba ya hidda shi. Galibi ba abin da ka hwaruwa. Amma yaro ba kamar babba na ba, hasken na iya jawo mai cuta can gaba. A sa mata ido, ko nan da shekara ishirin."

Ƙwayoyi kawai aka ba su, cikin mako biyu ciwon ya wuce. Habi ta kira Jelani, hayaniyar kasuwa ta cinye rabin maganarta.

"Ta dai warke ko?" ya ce.

"Ta warke."

Ya kashe waya. Maƙwabta ma da ta gaya musu dariya suka yi, ga yarinya tana tsalle. Habi ta rasa wanda za ta ba ajiyar wannan tsoro, kuma ita ta haye saba'in. Shekara ashirin ba tata ba ce, ta sani.

Da hantsi ta kira Uwaliya, ta zaunar da ita a gabanta, ta riƙe mata hannuwa biyu.

"Duk likitan da ya tambaye ki hoto in ba ni nan, ki ce sau ukku."

"Ina za ki, Kaka?"

"Ce ukku, in ji."