Ruwan Rijiyar Kafin Ashafa

Malam Nata'ala ya shekara ashirin da biyu yana koyarwa a firamaren Kafin Ashafa, bai taɓa taka sakatariyar ƙaramar hukuma don wata buƙata ta kansa ba, sai bayan rasuwar 'yarsa Safara'u.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a hukuma ta haƙa musu rijiyar kankare a gangaren gari. An yi murna sosai, don kafin nan sai an yi tafiyar awa guda da jaki ake samo ruwa. Ba a rufa wata huɗu ba yara suka fara ciwon ciki, ido ya yi rawaya, ƙafafu suka kumbura. Safara'u, mai shekara tara, ita ce ta uku da aka kai makwanci. Bayan sadakar bakwai sai ga duba-gari biyu a kan babur. Suka ɗebi ruwan a kwalabe, suka ce za a kai Dutse a auna, nan da mako biyu za a ji.

Da aka yi wata biyu shiru, Malam ya nemi izini a makaranta ya tafi sakatariya. Tun hantsi yake zaune a benci, sai bayan azahar aka shigar da shi wurin shugaban sashen lafiya, wani mai suna Alhaji Uwaisu.

"Ranka ya daɗe, sakamakon ruwan rijiyarmu na zo ji."

"A matsayin wa?"

"Uban yarinya ɗaya daga cikin yaran da suka rasu."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Alhaji Uwaisu, ya tura fayil ɗin da ke gabansa gefe. "Amma Malam, kai ma ma'aikaci ne. Takardar ofis sirrin gwamnati ce, ba a miƙa wa kowa. Ka rubuto, za a duba."

"Mu ne fa muke shan ruwan, ranka ya daɗe."

"Na ce ka rubuto."

Ya rubuta har sau uku, ba amsa. Ya hau bas zuwa Dutse, ya yi ta tambaya har ya gano inda ake awon. Wani dattijo mai farar riga ya saurare shi da tausayi, ya ce sun gama aikinsu tun makonni shida da suka wuce, sun mayar wa waɗanda suka aiko. Kwafi kuwa ba shi da ikon bayarwa.

A tasha, yana jiran mota ta cika, wata mata ta durƙusa ta gaishe shi. Adama ce, tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu take aiki a ƙarƙashin Alhaji Uwaisu. Ta waiga hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, na ga takardar da idona. Shekarun baya an binne gangunan maganin kashe fari a gangaren nan, su ne suka tsiyaye cikin ruwan. Manya ba sa so a ji, don su suka zaɓi wurin. Ku daina sha. Amma don Allah kada sunana ya fito, ni nake riƙe da gidanmu."

Daga tasha bai shiga gida ba, ya zarce wurin dagaci. Dagaci ya ji shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ina takarda? Rijiyar hukuma ce. In na rufe ta da bakinka kawai, ni za a tuɓe. Ga bazara, tafki ya ƙafe, me mutane za su sha?"

Ya bi gida-gida yana faɗa. Wasu suka yarda suka koma tafiya da jaki. Da yawa suka ce rashin 'ya ne ya taɓa shi, suka yi masa addu'a, suka ci gaba da jan guga. Duk wanda ya tambaye shi wa ya gaya masa, sai ya ƙi faɗa, hakan kuwa ya ƙara rage masa masu yarda.

Ranar da aka binne ɗan maƙwabcinsa Ɗan'inna, daga maƙabarta Malam ya ɗauki shebur ya nufi gangare. Da rana tsaka, mutane na kallo, ya yi ta zuba ƙasa da ƙaya a cikin rijiyar har tafin hannunsa ya fashe. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya hana shi. Washegari 'yan sanda suka zo.

A kotu bai musa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a sa ƙaramar hukuma ta kawo sakamakon awon a karanta a gaban jama'a. Wakilin hukuma ya miƙe ya ce har yanzu sakamako bai iso hannunsu ba. Alƙali ya tambayi Malam ko yana da shaidar da ta ga takardar. Ya tuna yadda Adama ta durƙusa a tasha, sannan ya ce ba shi da ita. Aka yanke masa wata uku saboda ɓarnata dukiyar gwamnati, aikinsa ma ya tafi.

Yana tsare aka yashe rijiyar, mutane suka koma sha. Sai da damina ta zagayo wata mota ta zo da buhunan siminti, leburori suka toshe bakinta, suka ce gyara za a yi. Ba a sake buɗe ta ba, ba kuma wanda ya zo ya yi wa gari bayani. A lokacin yaran da aka rasa sun kai goma sha ɗaya.

Malam Nata'ala ya koma noman gero a gonar gado. Iyayen da suka taɓa cewa ya taɓu sukan gaishe shi da kai a sunkuye, shi kuma ya amsa, ba ya ɗago musu zancen.