Motar Suruki Ta Koyi Shan Mai

Motar ba ta Dogo ba ce, ta surukinsa ce. A-kori-kura ce fara. Tsohon ya damƙa masa makullinta bayan ya auri autarsa, ya ce ya riƙa ɗaukar wa mutane kaya: siminti, katako, gadajen masu tashi daga gida. Shekara biyu ana zaune lafiya. Zafi na shigowa, sai mota ta koyi shan mai kamar raƙumin da ya iso rijiya. Tankin da yake kai shi kwana huɗu, ya koma kwana uku da ƙyar.

Gida ɗaya suke da tsohon. Kullum da yamma sai ya leƙa ta taga ya dubi allurar mai, ya dubi Dogo, ya yi gyaran murya.

To, unguwa ba ta barin magana ta huce. Mai shagon kusa ta ce ai direbobi da tiyo suke zuƙe mai su sayar. Ita ba ta ce Dogo ba, direbobi ta ce. Kafin rana ta faɗi har an samu wanda ya gan shi da jarka. Auta kuwa, matarsa, tare shi ta yi a ƙofar ɗaki.

"Buɗe bakinka in shinshina."

"Haba Auta!"

"Buɗe, malam. In fetur kake sha, gara in sani."

Ya buɗe. Ba ta ji komai ba sai albasa, amma ba ta ce ta yarda ba.

Washegari tsohon ya kira shi. "Dogo, ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Nan da ƙarshen sati, ko ka gano inda man nan yake zuwa, ko ka ajiye mini makullina."

Dogo ya ce, "To, Baba." Da ya fito sai ya rasa ko hagu zai bi ko dama.

Ya kai motar wurin bakanike. Bakanike ya canza filogi, ya cire matatar iska ya kakkaɓe ƙura har ya yi atishawa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ko tanki na yoyo, ko ɗigo babu. Ya ɗaga ta da jak ya juya tayoyi ko birki na riƙewa, suna juyawa sumul. Ya tsaya yana sosa ƙeya da sifana, sannan ya kai wa tayar baya shuri.

"Kai, wannan ai laushi gare ta kamar kumatun jariri! Da kaya kake yawo a haka? Dole ta sha mai, jan ciki take yi."

Dogo ya yi hamdala, ya garzaya wurin mai faci. Mai faci ya ciro tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya tsoma a ruwa. Ko kumfa ɗaya. Ya cika su da iska, ya auna, ya ce, "Je ka, lafiyarsu lau."

Da safe tayoyi tsam. Da la'asar, lakwas, duk huɗun. Ya koma. Aka sake tsomawa, aka sake cikawa. Kashegari ma haka.

"Ni dai tun da nake sana'ar nan," in ji mai faci, "ban taɓa ganin taya huɗu sun haɗa baki ba. Ko dai ka yi wa wani laifi?"

Dogo ya shiga lissafin maƙiyansa, bai samu ko ɗaya ba, abin ya ƙara ɗaure masa kai. Har kansa ya fara zargi, ko dai idonsa ne yake ganin laushin.

Ana gobe wa'adi zai cika, ya dawo cin abincin rana kamar kullum, ya ajiye mota a ƙofar gida. Ya kai loma biyu sai ya tuna wayarsa na kan kujerar mota. Yana fita ya ji wani sauti, fiiii. Ya zagaya. Ga Baba a tsugune, da tsinken ashana a hannu, yana danna hancin tayar gaba, ya karkata kunne yana saurare.

"Baba, sannu da aiki. Me... me ake yi?"

"Abin da ya kamata ka yi ne ba ka yi," tsohon ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Shekara talatin ina gyaran keke. In rana ta take, sai an rage wa taya iska, in ba haka ba ta fashe. Kai kuma kullum ka cika su tam kamar ganga. Tun shigowar zafi nake bin ka ina gyarawa, ko godiya babu."

Yaya mutum zai ce wa surukinsa, kai ne ɓarawon man? Sai Dogo ya ji bakinsa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Ya koma ɗaki ya zauna, ya ture abincin gefe. Auta ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ja mayafi ta fita. Ita ai ubanta ne.

"Baba, kai ne kake shanye man motar nan!"

"Ke, auta, ki iya bakinki."

"Mota ba keke ba ce. Bakanike ya ce laushin taya ne yake sa ta sha mai. Mijina ana ta cewa ɓarawo, har bakinsa na shinshina!"

Tsohon ya juya tsinken ashana a hannu. Ya ce bakaniken yaron jiya ne. Amma ya yarda a ƙara sati ɗaya, ba zai taɓa tayar ba, don dai su ga ta fashe su san ya faɗa.

Ba ta fashe ba. Tanki ya kai kwana huɗu har da rabi.

Ranar da sati ya cika, Dogo ya zo ya durƙusa, ya miƙa makulli da hannu biyu, don bai san yadda aka yanke ba. Tsohon ya dubi makullin, ya dubi sama.

"Na lura gidan man nan sun gyara mansu kwanan nan," ya ce. "Tashi ka tafi aiki, mai katako na jiranka."