Zabuwar da ta Zaɓi Kyamara

Mako uku yarinyar nan ta hana ni sakat. Jikata ce, 'yar babban ɗana, muna ce mata Mai-hoto tun tana ƙarama. Ta ajiye aikinta na kantin magani wai ita namun daji da tsuntsaye za ta riƙa ɗauka, tana yi wa mutane bayani a bidiyo. Ubanta ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, daga baya ya miƙa mata kuɗin kayan aiki ya ce, "Sau ɗaya ne. In gaurakin nan suka bar bakin tafki ba ki kawo min abin gani ba, ki koma kanti."

Gaurakin kuwa saura kwana goma su tashi. Ita kuma ta kasa zaɓar kyamara.

Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta zauna kan turmi, ta miƙe. Waya a hannu, wannan ya ce sayi kaza, wancan ya ce kul. Ni ma sai na tsinci kaina ina share inda na riga na share.

Na ce, "Ke, jiri kike sa ni. Zauna ki gaya min abin da ya faru ran da kika je da kyamarar aro."

Ta ce, "Kaka, na gaya miki. Guduwa suka yi. Shi ya sa nake son kyamara mai dogon hancin nan, in tsaya can nesa in janyo su."

"Da kika iso suka gudu, ko da kika danna?"

Ta ce, "Na fi rabin awa ina kwance a ciyawa suna kiwonsu. Na buɗe jaka, suka ɗaga kai. Na danna, suka tashi."

"To ba nisa ne ciwonki ba."

"Kaka, ke me kika sani a kyamara? Ko wayarki ni nake kunna miki."

Shekara arba'in ina kiwon zabi, na san abin da ke tayar da tsuntsu. Da safe na kama wata zabuwa tawa, mai tsoron da ko ganye ya faɗo sai ta tara mana unguwa. Da ma ita na ware wa tukunya ranar da uban Mai-hoto zai zo. Na sa ta a kwando mai murfi na lulluɓe da tsumma.

Mai-hoto ta ce, "Ina za ki da wannan?"

"Kasuwa. Wuce mu tafi."

Shagon kyamarar ƙarami ne, gilashi ta ko'ina, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Mai shagon ya ga yarinya da jaka a hammata, ya washe baki. Ya gan ni da kwando, ya rage fara'ar.

"Mama, nan ba a sayen kaji."

"Ba sayarwa na zo ba, ɗan nan. Ita ce za ta zaɓa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sauko da wata kyamara sabuwa dal, da hanci fari tsawon damtsena, da abin ɗora ta mai ƙafa uku yana walƙiya kamar cokali. Idon Mai-hoto ya tsaya cak a kai. Kuɗin da ya faɗa, shi ne duk abin da ke jakarta, ko na mota ba za a rage ba. Kuma an manna takarda a bango, ta karanta min: kaya in sun fita ba a dawowa da su.

Na ajiye kwandon a bakin ƙofa, na yaye tsumman. Na jira zabuwar ta natsu, ta fara tsince geron da na zuba mata. Na ce wa Mai-hoto, "Danna."

Ƙaras-ƙaras-ƙaras! Zabuwa ta yi tsalle ta bugi murfin kwando, ta ɓare baki. Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Mai shago ya ce, "Haba Mama, ai wannan ƙarar ita ce alamar babbar kyamara. Masu ɗaukar taro ita suke nema."

Na ce, "Mutanen taro suna tashi sama in sun ji?"

Mai-hoto ta ciji leɓe. Ta ce a hankali, "Akwai wadda ba ta ƙara?"

Ya sosa ƙeya. Ya jawo wata daga ƙasan kanta, baƙa, ta hannu, gefenta ya ɗan goge. Hancinta bai kai na farin ba. Ya taɓa wani abu a bayanta ya ba ta. Ta danna sau biyar. Zabuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Daga nan komai sai da ya bi ta gaban kwando. Jakar da ya kawo mai maƙalli ce, in an buɗe sai ta ce kyaaat. Zabuwa ta ƙi. Na ce a bar ta, ni zan ɗinka mata ta yadi mai igiya. Mai ƙafa ukun nan mai walƙiya, da aka juya shi hasken ya faɗa kwando, nan ma ta haukace. Aka ɗauko mai duhu, mai nauyi. Kuɗin da ya rage ya isa batir biyu da ɗan abin ɗaukar murya mai gashi-gashi kamar ɓera.

Duk da haka har muka fito Mai-hoto tana waiwayen farin hancin.

"Kaka, in wannan bai kai ba fa?"

"Sai ki matsa kusa. Ai yanzu ba su san kin zo ba."

Na faɗa ne kawai, amma ni ma ban tabbata ba. Kwana huɗu tana fita da sassafe tana dawowa da laka har gwiwa, ba ta ce min komai. In abin ya ɓaci, ni na hana ta wanda take so.

Rana ta biyar ubanta ya zo, ko zama bai gama yi ba ta ɗora masa kwamfuta a cinya. Na matso da kujerata. Ga gauraka biyu sun cika fuskar abin, har ɗigon ruwa ana gani a bakin ɗaya. Suna taku, suna sunkuyawa, ba ruwansu. Can ƙasa-ƙasa muryarta tana bayani.

Ya kalla har ƙarshe. Ya gyara tabarau ya ce, "Mayar da shi farko." Da ya ƙare karo na biyu sai ya ce, "Wace dabba ce ta gaba?"

Sannan ya juyo gare ni. "Inna, ba kin ce za ki yanka min zabuwa ba?"

Na ce, "Wannan kam ta fi ƙarfin tukunya, bashi take bin gidan nan. Ka ci wake."